Zanen Saja Sanda

Ranar wata Talata ce, cikin watan Nuwamba na 2019, aka kira ofishin 'yan sanda aka ce an tsinci gawar wani ɗan Afirka a cikin sito a Al Qusais.

Irin wannan kira shi ke tayar da Sufeto Zailani daga kujera. Daga Kano aka turo shi aikin aro, ya riƙa taya 'yan sandan Dubai bincike duk lokacin da magana ta shafi mutanen Afirka ta Yamma. Mutum ne marar fara'a, mai ƙin dogon zance, kuma bai taɓa ɓoye cewa garin bai kwanta masa ba. A ganinsa komai na nan ƙyalli yake yi, har ƙarya.

A bakin siton ya tarar da Laftanar Obaid, ɗan ƙasa, wanda binciken ke hannunsa.

"Khalas, an gama, Zailani, wannan ba ta da wahala," in ji Obaid. "Mun riƙe mutumin. Tare suke haya a nan, maƙwabta sun ji suna faɗa, kuma ya yi mana ƙarya. Gobe zan miƙa shi ga mai gabatar da ƙara."

"Bari na ga mamacin tukuna."

Siton an raba shi biyu. Ɓangare ɗaya kwalayen takalma ne da turare suna jiran kwantena. Ɗaya ɓangaren an killace shi, an sa masa na'urar sanyaya ɗaki, an jera tsofaffin zane-zane a bango, kowanne cikin firam da gilashi.

Mamacin sunansa Zainul Abideen, Bahaushen Ghana ne, haihuwar wani zango, wato unguwar Hausawa, kusa da Kumasi. Sana'arsa saye da sayar da tsofaffin hotuna, kuma yana shirin baje kolin waɗannan a watan gobe.

Zailani ya bi bangon da kallo. Duk zanen yaƙi ne, na lokacin da Turawan Ingila suka kai wa Ashanti hari suka ƙone Kumasi. Ga hafsoshi da fararen huluna suna keta daji. Ga 'yan dako a jere da kaya a ka. Ga gari yana cin wuta. Wanda ya zana su ya san ɓangaren da yake, don Bature ko yaushe a tsaye yake ƙyam, mutumin Ashanti kuwa ko yana gudu ko yana ƙasa. A tsakaninsu kuma ga wasu sojoji baƙaƙe da jar dara da bindiga, fuskokinsu da tsaga. Zailani bai buƙaci a faɗa masa ko su wane ne ba. Hausawa ne. Abin ya yi masa ɗaci.

Firam ɗaya babu komai a cikinsa, gilashinsa a farfashe a ƙasa.

Gawar tana kwance kusa da wani teburin ƙarfe, akwai jini a kusurwar teburin, akwai rauni a ƙeya. Amma ba haka mutum ke faɗuwa ba. An kwantar da shi a kan gefen dama, an rufe masa ido, an ɗaure masa haɓa da wani farin ƙyalle, an haɗa manyan yatsun ƙafarsa an ɗaure. Fuskarsa tana kallon ƙofar siton, ta inda hantsi ke shigowa.

"Wanda ya kashe shi ne ya yi masa wannan?"

"Nadama," in ji Obaid, ya ɗaga kafaɗa. "Musulmi ne, ya kashe, ya ji tsoron Allah. Mutuminmu ma Musulmi ne."

Likitan 'yan sanda ya ɗago daga inda ya durƙusa. Ya ce raunin ba irin mai kashewa nan take ba ne. Mutumin ya jima yana numfashi, kuma da an kira motar asibiti da wataƙila yanzu yana gadon jinya.

Wanda aka riƙe sunansa Issoufou, mutumin Damagaram, ɗan kago, mai tura kaya gida a kwantena. Ya fi shekara goma a Dubai. Zailani ya same shi a ɗakin tambayoyi, ƙato da shi, amma ya naɗe kamar tsumma.

"Ka ce da hantsi ka zo ka gan shi."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Kyamarar bakin ƙofa ta nuna motarka ta shigo tun da safe, ta fita a guje, sannan ta dawo. Wanne zan ɗauka, kai ko kyamara?"

Issoufou ya sunkuyar da kai.

"Vraiment, gaskiya tsoro na ji. Na shigo na gan shi haka, an riga an ɗaure masa haɓa. Na ce Issoufou, kai baƙo ne, baƙi ne kuma, wa za a kama in ba kai ba? Na gudu har unguwar Naif. Can na ce, a'a, ba zan bar Musulmi yashe ba. Na dawo na kira."

"Faɗan me kuke yi?"

"Hotunan nan. Na ce masa mala'iku ba sa shiga wurin da aka rataye mutane haka, ga wuta, ga gawawwaki. Tun da ya kawo su kasuwata ta tsaya. Shi kuma ya ce jahilci ne ke damuna. Mun ɗaga murya, ban musa ba. Amma matata Rahamatu da matarsa kamar 'yan ɗaki ɗaya suke. Ni zan kashe shi?"

"Wane zane ne ya ɓata?"

"Na sojan nan mai tasa. Shi ya fi so, shi ya fi ƙi. Sai ya tsaya gabansa ya yi wata dariya marar daɗi, ya ce, Issoufou, zo ka gaida kakana."

Zailani ya sa aka buɗe wayar mamacin. Hoton zanen yana ciki.

Ba na jarida ba ne kamar sauran. Zanen hannu ne da fensir, na wani hafsan Turawa da ya je yaƙin. Wani soja ne dogo, kunnensa na hagu a gutsure, yana fitowa daga gida mai cin wuta. A hannu ɗaya bakin wuta, a ɗaya hannun ya rungume wata tasar tagulla mai murfi, da siffar kada a kan murfin. A bakin ƙofar wata mata ce kwance, ta riƙe masa ƙafa. A ƙasa an rubuta sunansa, Saja Sanda.

Da azahar Zailani ya koma siton shi kaɗai. An ɗauke gawar, saura alli a ƙasa inda aka zana kwanciyarta. Ya yi alwala, ya ɗauko sallayar Issoufou daga kan kwali, ya nemi alƙibla. Ga ta nan a bango, koriyar kibiya da aka manna, ta koɗe don daɗewa.

Ya tsaya da sallaya a hannu. Kibiyar tana nuna bangon baya, wajen faɗuwar rana. Allin kuwa yana nuna fuskar mamacin tana kallon ƙofa.

Bayan ya idar ya kira Obaid.

"Ka ɗaga mini ƙafa zuwa gobe."

"Saboda me?"

"Wanda ya ɗaure haɓa ya ɗaure yatsu ba zai manta alƙibla ba. Ya juya shi da gangan. Sai dai gabas ya juya shi."

"To ai ba nan ce alƙibla ba."

"A nan ba ita ba ce. A ƙasashenmu ita ce. Tun muna yara mahudar rana muke fuskanta. Issoufou shekara goma yana sallah a siton nan, shi ya manna kibiyar. Ko a gigice yake ba zai yi wannan kuskure ba. Wannan aikin baƙo ne, wanda ƙafarsa ce kawai ta iso Dubai."

Obaid ya ce, "Gobe da safe, habibi. In ba ka kawo mini wani ba, da wannan zan tafi."

Zailani ya san abin da hakan ke nufi. In takarda ta bar ofis da sunan Issoufou a kai, kisan kai ne, kuma ba ya da wanda zai tsaya masa.

Gidan mamacin a Karama yake, hawa na uku, a wani tsohon bene mai warin girki iri-iri. Takalman masu ta'aziyya sun cika bakin ƙofa. Da la'asar sun ragu, Zailani ya shiga.

Matar mamacin, Murjanatu, ma'aikaciyar jinya ce. Tana zaune a ƙasa cikin hijabi, idonta ya bushe. Daga kicin ana jin motsin tukunya. Wata mata mai tsohon ciki ta fito da ruwa ta ajiye masa.

"Wannan fa?"

"Rahamatu ce, matar Issoufou," in ji Murjanatu. "Na ce ta tafi gida, ta ƙi."

Zailani ya bi matar da kallo har ta koma kicin. Mijinta na bayan kanta saboda mai gidan nan, ita kuma tana nan tana dafa wa masu makoki abinci. Ya daɗe bai ga abin da ya karya masa zuciya haka ba.

"Allah ya jiƙansa. Su wa ke zaune a gidan nan?"

"Ni da shi. Sai Baba."

"Mahaifinki ko nasa?"

"Nawa. Shi kuma baffansa ne, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami. Alhaji Ɗanladi. Makon jiya ya zo daga Ghana, za a cire masa yanar ido."

"Ya taɓa zuwa Dubai?"

"Bai taɓa ba."

"Ina yake yau da safe?"

"Yana gida. Tare muke."

Ta faɗa da sauri, kamar wadda ta riga ta haddace.

"Na kira asibitinku kafin na zo," in ji Zailani. "Sun ce ba ki tashi aiki ba sai da rana ta ɗaga."



Ya miƙe kamar mai neman wurin alwala. A ƙasan falon, kusa da taga, an yi kibiya da baƙin salatif, sabuwa fil, babba kamar don makaho.

"Wa aka yi wa wannan?"

"Baba," ta ce a hankali. "Kullum sai na juya shi. Da ya ga inda rana ta fito sai ya ta da kabbara."

Sai da maganar ta fita ta gane ta faɗi wani abu, ko da ba ta san mene ne ba. Ta kai hannu bakinta.

A barandar bayan kicin akwai kaskon turaren wuta. Zailani ya durƙusa ya shinshina. Ba ƙamshin turare ba ne, ƙaurin takarda ne. Ya tona tokar da biro, ya zaro wani guntu mai kauri, launin ƙasa, gefensa a ƙone. Ana iya ganin yatsun mace a kai, sun kama idon sawu.

Ya dawo ya ajiye shi a gaban Murjanatu.

"Hajiya, ni ba zan tilasta miki ba. Amma ki sani, gobe da safe za a miƙa Issoufou. Wannan baiwar Allah da ke miki girki, ita kaɗai za ta haihu, kuma Allah kaɗai ya san ko ɗan zai ga ubansa."

Rahamatu tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Murjanatu ta ɗago ta dube ta, suka haɗa ido, sai kukan da ta danne tun safe ya ƙwace mata.

"Na dawo na tarar yana ƙona shi," ta ce. "Rigarsa da jini. Na tambaye shi ina Zainu, ya ce mini in yi haƙuri. Ubana ne, Sufeto. Ya zan yi? Ubana ne!"

Ƙofar ɗakin ciki ta buɗe.

"Ƙyale ta, yaro. Ni kake nema."

Dattijo ne dogo, siriri, fari fat da furfura, idonsa ɗaya ya yi fari. Rawaninsa na wuyansa, kuma bakin rawanin a yage yake, zare na reto. Zailani ya tuna ƙyallen da aka ɗaure haɓar mamacin da shi. Duk da haka ya rusuna ya gaishe shi, don tarbiyya ba ta san aikin ɗan sanda ba.

"Baba, zauna. Wane ne Saja Sanda?"

Tsohon ya zauna a bakin kujera, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"A gidanmu Malam Sanda ake cewa. Kakan ubana. Kowane yaro a zangonmu ya san labarin. Falke ne, mai goro, mai allo. Ya yi wa sarkin garin addu'a, wanda Ashanti ke ce wa Nana, ya ji daɗi ya ba shi fili ya zauna, ya ba shi tasar tagulla shaidar amana. Duk shekara, ranar bikinsu, babban gidanmu ke ɗaukar tasar nan a ka, ya kai gaban Nana, a zuba goro a ciki, a sabunta zumunci. Ni nake ɗauka yanzu."

"Tasa mai kada a murfi."

"Ita."

"Kuma ka san ba kyauta ba ce."

"Babban gida kaɗai ke sani. Ubana ya faɗa mini yana kan gargara, kamar yadda aka faɗa masa. Soja ne. Daga Kumasi ya ɗauko ta. Da yaƙi ya ƙare ya cire kaki, ya tafi garin da ba a san shi ba, ya ɗaura rawani. Filin Turawa ne suka sa aka ba shi. Waɗanda suka san gaskiya suka mutu, labari mai daɗi ya rage." Ya ja numfashi. "Ashe wani Bature ya zauna ya zana shi. Har kunnen."

"Zainul Abideen ya nuna maka."

"Da safe ya ɗauke ni a motarsa. Ya ce, Baffa, zo ka ga wani abu. Na matso da idon nan mai gani, na ga tasarmu. Ya ce zai rataye shi duniya ta gani, sannan ya je gida ya mayar wa Ashanti kayansu, ya nemi gafara. Na ce, Zainu, gafara a bakin wa? Gidaje nawa ne a filin nan? Masallacinmu a kai yake. Kabarin ubanka a kai yake. Kai kana nan cikin sanyi da biza a aljihu, mu ne za mu fita kasuwa a nuna mu da baki, a ce ga jikokin wanda ya sa wuta."

"Me ya ce?"

"Ya ce matar da ke ƙasa ita ma kakar wasu ce."

Tukunyar Rahamatu ta fara kamu, ba wanda ya motsa.

"Na fasa gilashin da sandata na cire takardar. Ya riƙe mini hannu. Yaron da na goya, ya riƙe mini hannu! Na ture shi. Turewa ɗaya, wallahi. Ya yi baya ya bugi teburin."

"Ya mutu nan take?"



"Yana numfashi. Yana kallona."

"Wayarsa na aljihunsa. Masu gadi na bakin titi. Me ya hana ka yi ihu?"

"Na zauna na ɗora kansa a cinyata, na yi ta laƙƙana masa kalmar shahada. Na ce wa raina ajali ne ya zo." Muryarsa ta sauka. "Na san in ya tashi zai rataye zanen."

Murjanatu ta yi wani sauti kamar an taka ta. Wannan ba ta san shi ba sai yanzu.

"Amma ban wulaƙanta shi ba," in ji tsohon, ya juya wajenta da sauri. "Murja, na yi masa duk abin da ake yi. Na rufe masa ido. Na ɗaure shi da rawanina. Na juya shi alƙibla, sannan na fita ta baya na tari tasi."

Zailani ya so ya yi shiru. Amma ya tuna Issoufou a naɗe a ɗakin tambayoyi, sai tausayin ya gushe.

"Gabas ka juya shi, Baba. Nan Makka a yamma take. Baya ka sa ya ba ta. Da haka na gane ka."

Zailani ya ci gaba.

"Zanen da ka ƙona kuma yana cikin wayarsa. Tun kafin ka sauka a ƙasar nan ya aika wa masu baje kolin, sun riga sun buga shi a takardar gayyata."

Alhaji Ɗanladi ya dubi hannuwansa, ya juya su ciki da baya kamar na wani. Daga nan ya fara salati, a hankali, bai tsaya ba.

Zailani ya fita baranda ya kira Obaid, ya ce ya zo da mota, ya kuma sa a saki Issoufou. Direban tasin ma ba zai yi wuyar samu ba.

Ba a jima ba suka iso. Obaid ya dubi tsohon, ya dubi ankwar da ke hannun kurtunsa, ya girgiza kai. Aka mayar da ita aljihu. Kurtu biyu suka kama shi ta hammata.

A bakin ƙofa ya tirje.

"Murja."

Ta miƙe ta shiga ɗakinsa, ta fito da 'yar jaka. Ba ta kalle shi ba. Zailani ta miƙa wa.

"Maganin hawan jininsa ne. Fari da safe, ja da yamma. Ba ya shan ruwan sanyi."

"Murjanatu, ki yafe mini."

"A kula da matakala," ta ce wa kurtun. "Ba ya gani sosai."

Suka sauka da shi a hankali, maƙwabta 'yan Indiya da 'yan Filifin suna leƙe ta ƙofofinsu.

Zailani ya juya ga Rahamatu.

"Malama, ɗauko mayafinki. Mijinki na jiranki a ofis, zan sauke ki."

Ta ɗauko mayafin, ta kai har bakin ƙofa. Sai ta waiwaya ta ga Murjanatu ta koma ta zauna a ƙasa, ita kaɗai a tsakiyar falon, ta zuba wa bango ido.

Rahamatu ta cire takalmin da ta fara sawa.

"Ranka ya daɗe, ka ce masa ya zo nan ya same ni," ta ce. "Ba ta ci komai ba tun safe."